Ɓarin Katakon Malam Tsohon Kuɗi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga wannan wata, ina tsaye a shagona ina goge ƙafar tebur aka zo mini da labarin rasuwarka, Malam. Na ajiye aikin, ban ƙara taɓa shi ba ranar.

Tun muna ɗalibanka muka laƙaba maka Malam Tsohon Kuɗi, saboda akwatin nan da kake shigowa da shi ajin tarihi. Ciki akwai kuɗin wuri, da guntun gishiri, da ƙarfe mai tsatsa, da takardun kuɗin da ko allura ba sa saye yanzu. A bakinka muka ji labarin mutanen da suke ba da aron saniya su karɓe ta da ɗan maraƙi, da waɗanda bashi ya sa suka jinginar da 'ya'yansu. Kuɗin ruwa kuwa ka tsane shi. Kakan ɗaga tsabar kuɗi ɗaya ka ce, "Saniya dai na san tana haihuwa. Wannan fa, wa ya taɓa ganin ta da ciki?" Mu yi ta dariya.

Da ka yi ritaya, ɗan abin da ka tara ya zama na rance ga duk wanda ya matsu, ba ƙarin ko sisi. Takarda kuma ba ka yarda da ita ba. Irin yadda ka ce mutanen zamanin da suna yi, sai ka sami guntun katako ka yi masa tsaga-tsaga daidai yawan kuɗin, ka raba shi biyu, ka riƙe ɓari, mai rance ya riƙe ɓari. Ranar biya a haɗa su a gani. Ni na fi kowa sani, domin ni kafinta ne, a shagona kake tsintar guntayen, kana yi kana kushe mini aiki.

Bara injin yankan katakona ya ƙone. Kai ka ba ni kuɗin sabo, ka tsaga mana katako. Ko rabi ban biya ba ka kwanta ciwo. Gaskiya bayan an kai ka makwanci tsoro ya kama ni, domin dukiya ta zama ta magada. In suka nema, sai na sayar da injin, ni da ma'aikatana mu zauna hannu rabbana. Duk da haka na ɗauki ɓarina na tafi gidanka, don ba zan ci haƙƙin marayu ba.

Babbar 'yarka ta karɓe ni a ɗakin karatunka. Ta buɗe akwatin, ga wuri, ga gishiri, amma babu ɓari ko ɗaya.

Ta ce, "Yaya, mayar da abinka aljihu. Tun yana da ƙarfinsa ya tara mu, ya sa na zuba su duka a murhu na dafa masa shayi. Ya ce ya yafe, kuma katakonka ma hayaƙi gare shi."

Na yi dariya, sannan na yi kuka kamar yaro.

Ina shaida a gaban kowa, Malam, ba na shakka: abin da ka koyar a aji shi ka aikata. Injin yana aiki, gidaje suna ci daga gare shi. Ɓarina na rataye shi a jikin bango saman injin, inda nake ganinsa kullum.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikoki, da dukanmu masu riƙe da ɓari. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka ƙone abin da kake bin mu, Allah Ya shafe abin da Yake bin ka. Amin.