Maman Praise da Sunan da Bushira Ta Kasa Faɗa

Kafin masu shagunan bakin kasuwar Zuru su gama buɗe ƙofa, Maman Praise ta riga ta share gaban nata, ta yayyafa ruwa, ta fito da bencin baƙi. Sai ta yaye zanen da take rufe kwamfuta da shi, ta yi addu'arta a taƙaice, ta sa tabarau. In akwai wuta, to. In babu, da kanta take jan janareta, ba ta jiran namiji. Sunanta Leah, amma in ka ce Leah a Zuru sai an tambaye ka wace. Matar soja ce, mijinta ya rasu a bakin aiki, ita kuma tun suna bariki ta koyi buga tafireta. Yanzu ido ya fara gaza mata, ta ce ƙarshen watan nan za ta miƙa wa ɗiyarta makulli. Shi ya sa na ga gara a yaba mata tun tana ji da kunnenta.

Matan sojojin da suka rasu, daga Ribah har Dirin Daji, sun san shagon nan. Su zo kan babur da takardun fansho ƙulle a leda, duk sun yi laushi, ta warware su ɗaya ɗaya. Ba ta tambayar addininka, sai dai ta tambaya ko ka karya. Amma kada ka ɗauka ba ta da kaifi. Wani ɗan kasuwa daga Bena ya taɓa zuwa, wai ta shirya masa takardun aure shi da ƙanwarsa don su samu biza. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Alhaji, ranar bikin ka gayyace ni, ni zan dafa shinkafa. Kafin nan tashi ka ba tsohuwa wuri."

Aikin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na Muntaka, ɗan fari na Hajiya Nana Khadija, maƙwabciyarta tun zaman bariki. A Amurka aka haife shi, lokacin da aka tura mahaifinsa kwas, don haka yana da fasfon can, ko da yake tuwon dawar Zuru ne ya raine shi. Ya karanci aikin jinya, wani asibiti a can ya ba shi gurbi, shi kuma ya ce ba inda za shi ya bar matarsa Bushira da goyo. Daga nan gida ya nemi a ba ta izinin zama a ƙasar. Maman Praise ta haɗa komai, shaidar aure, hotunan biki, fassarar abin da ke buƙatar fassara. Aka yi ta jira har asibitin suka fara cewa ba za su riƙe masa gurbi har abada ba. Sannan aka sa wa Bushira ranar ganawa a Legas. In mai tambaya bai gamsu cewa auren na gaske ne ba, ko Muntaka ya rasa aikin, ko ya tafi ya bar iyalinsa.

Da wani ne, yana gama takardu sai ya sallame su. Ita sai ta ce su dawo a gwada.

"Zauna, ɗiyata. Yau ni ce Baturiya. Mi ne sunan mijinki?"

Bushira ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Baban Khairunnisa."

"Baturiya ba ta san Khairunnisa ba. Sunansa."

"Ai ga shi nan rubuce, Mama."

"Rubuce yake. Daga bakinki suke son ji."

"Maigida..."

"Maigidan wa? Kazar gidana ma tana da maigida."

Muntaka ya yi dariya ya ce, "Ke faɗi mana, na yafe." Ta ce, "Ba wurinka abin yake ba." Gaskiyarta. A gidan da ta tashi mace ba ta kiran sunan mijinta, harshe ya saba tun ba ta san aure ba. Aka yi ta gwadawa, in ta zo kan sunan sai murya ta ɗauke. Maman Praise ta san mutanen can: matar da ta kasa faɗin sunan mijinta, a wurinsu auren haya ne.

Ba ta yi mata faɗa ba, ba ta ce ƙauyanci ne ba, ko da yake ita a coci da suna take kiran nata mijin lokacin yana raye. Ta kulle shago da rana tsaka, ta nufi gidan Hajiya.

"Hajiya, yarinyar nan za ta rasa mijinta saboda tarbiyya ta yi mata yawa."

"To ni mi zan yi, Maman Praise? Kin fi kowa sani, tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Ɗan fari ne."

"Shi ya sa na zo wurinki, ban je wurin liman ba."

Hajiya ta gane abin da ake roƙonta: ta buɗe da bakinta hanyar da ɗanta da surukarta da jikarta za su bi su bar ta. Can ta ce a kira Bushira. Yarinya ta zo ta durƙusa. Hajiya ta kafa ido a bango, ta ce, "Mijinki sunansa Muntaka. Muntaka Ladan. Ga shi na faɗa, ban mutu ba. Ke ma faɗi."

Bushira ta faɗa, ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba tana dariya. A Legas ma ta faɗa. Yau suna can su uku.

Ke ce kika gane, Maman Praise, cewa takarda ba ta isa ba sai an duba mutumin da ke riƙe da ita. Ke ce ba ki raina kunyar mutane ba, kika nemo wadda za ta kwance ta ba tare da an wulakanta kowa ba. Mace mai aikin maza, mun gode. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma yaran da kuka buɗe shagunan kwamfuta a ko'ina cikin gari, ku ji ƙarshen zancen. Ranar da aka zo mata da albishir cewa biza ta fito, ba ta yi guɗa ba. Cewa ta yi, "To, yanzu wa zai riƙa leƙa Hajiya?" Tun daga lokacin, duk Lahadi in an tashi coci, za ka gan ta da littafinta a hammata tana sallama a ƙofar Hajiya. In kun taimaki mutum ya tafi, ku waiga ku ga wanda aka bari.