Baƙon Inna Ginem

Shekara goma sha tara Sarwidi ya yi yana jan a-kori-kura ɗaya. Ba tasa ba ce, ta wani dillalin kayan lambu ce a garinmu Wonosobo, amma duk unguwarmu motar Widi ake ce mata. Da safe ya hau tudu ya yi lodin kabeji da dankali, ya sauke a kasuwa, kafin la'asar ya biyo gida. A bayanta aka kai akwatina tasha ranar da zan tafi karatu. Da na dawo bayan shekara goma sha ɗaya, na tarar da ita yadda na bar ta, sai dai ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta.

Mahaifiyarsa ce ta canza. Idon Inna Ginem ya fara tafiya, sannan tunaninta ya bi. Ko 'yarta Lasmi mai yi mata wanka ba ta ganewa. Duk wanda ya shigo baƙo ne, kuma da maganar baƙi take tarbarsa, wadda muke ajiye wa manya da waɗanda ba mu sani ba: ku shigo, ku zauna, daga ina kuke? Amma motar nan tana da wani tari da take yi sau biyu idan ta kamo hawan masallaci. Tsohuwa na jin tarin sai ta ɗaga kai.

"Lasmi, ɗora ruwan shayi. Ga ɗan banzan nan ya dawo."

Yana shiga za ta laluba hannunsa. "Kai, ka ci abinci kuwa? Ji warin mai kamar jarka."

Takan yi kamar awa ɗaya tana sane da 'ya'yanta, tana yi musu faɗa, sannan ta koma inda take. Sarwidi ya ce mini wannan "kai" ɗin yake zuwa ji.

Sai dillalin ya sayar da ƙananan motocinsa gaba ɗaya ga wani mutum daga tsallaken teku, ya sayo gingimari uku don kai kaya birnin Semarang. Wanda zai iya ya koya, wanda ba zai iya ba ya nemi wani aiki. Sarwidi yana da shekara arba'in da bakwai ya je ya zauna cikin samari ya karɓo sabon lasin.

Na bi shi gareji wata rana don in ga yadda yake fama. Ya hau kujera kamar mai hawa bishiyar kwakwa. Ya sha kwana kamar yadda hannunsa ya saba, tayar baya ta taka kwandon kabeji. Wani tsohon direba, Baba Karso, yana zaune kan buhu yana shan taba.

"Widi, wannan fa ba akuyarka ba ce, giwa ce! Kanta ya wuce, ɗuwawunta yana can baya yana shawara."

"Baba, ai ba na ganin bayan."

"Matarka ma ba ta ganin bayanta sai da madubi, kuma ba ta taɓa take kabeji ba."

Aka yi dariya har da shi. Cikin wata biyu ya iya madubi, ya iya birkin iska, ya daina rungumar sitiyari. Abin da ya gagara shi ne ƙofar unguwarmu, wannan da muke shafe wa ja da fari duk watan Agusta saboda bikin 'yancin kai. Da aikin gayya aka gina ta, kuma Sarwidi ne ya ba da tsayinta: ya hau saman lodin a-kori-kura ya miƙa hannu, aka ce nan ya isa. Na je da abin awo na gwada. Gingimarin ta fi ta da taƙi uku.

Don haka sai ya ajiye mota a bakin titi ya tako da ƙafa. Ranar farko ina tsakar gidan. Ya yi sallama, ya durƙusa gabanta.

"Inna, ni ne."

"Sannunku da zuwa," in ji ta, tana gyara ɗankwali. "Wa kuke nema?"

"Widi ne, Inna. Ɗanki."

"Ai Widi yana hanya. Ku ɗan jira, yanzu za ku ji motarsa."

Ya jira tare da ita har magariba.

Ya aro a-kori-kurar wani mai kifi, iri ɗaya da tasa, ya hau hawan masallaci yana wasa da giya don ta yi tari. Tsohuwa ta saurara ta ce, "Mai kifi ne." Daga nan ya sa wa ransa cewa ba tarin take bi ba, ƙarar mota a ƙofar gida take bi, idan ɗanta ne a ciki za ta sani. Na ce masa ban ga alama ba. Ya ce, "Kai da ka yi karatu, kana da wata dabarar?" 

Ya je wurin mai unguwa ya roƙi a cire kan ƙofar na yini ɗaya. An yi zama biyu a kan maganar, don wasu suna ganin ba a taɓa ƙofa kafin biki. Matar limami ce ta ce, "Ƙarfe ne fa da fenti. Inna Ginem kuwa ita ta karɓi haihuwar rabinku." Ranar Lahadi maza goma suka hau tsani suka sauke shi.

Ban taɓa ganin tuƙi irin na ran nan ba. Tsakanin jikin mota da katangu bai fi tafin hannu ba. Wani yana ɗaga wayar lantarki da gora, mata suna kwashe shanya, Baba Karso yana gaba yana tafiya da baya yana ihu: "Hagu kaɗan! Hagun mutane, ba na akuya ba!" Ko tukunyar fure ɗaya bai taɓa ba. Ya tsaya daidai ƙofar gidansu, bangon katako yana rawa, ya taka birki, iska ta fashe da ƙara.

Daga ciki muka ji ihu. Inna Ginem ta girma a gefen tudun da ya taɓa zaftarewa ya binne gidaje. Muka same ta a ƙasa, ta rarrafa bayan buhun shinkafa, hannu biyu a ka.

"Tudu ya taho! Widi! Ina Widi?"

Ya diro bai ko rufe ƙofa ba, ya ɗauke ta cak, yana cewa ga ni, Inna, ga ni. Ta ƙanƙame wuyan rigarsa. Da aka kashe inji ta ɗan natsu, sai ta sake shi, ta ja zaninta.

"Allah ya saka muku, bawan Allah. Don Allah ku kira mini ɗana. Direba ne, kowa ya san shi."

 Sai ya amsa mata da irin maganarta: "To, Inna. Zan kira muku shi."

Babu wurin juyawa, da ribas ya fitar da motar har titi. Ba wanda ya yi masa ba'a.

Wata biyar ta ƙara a duniya. Duk dawowarsa daga Semarang yakan ajiye mota a bakin titi ya tako, ya ce shi abokin aikin Widi ne, an aiko shi da gaisuwa da soyayyar ayaba. Takan sa a kawo masa shayi a kofin baƙi, ta ba shi labarin ɗanta: yadda ya tsani ganyen gwanda, yadda ya taɓa faɗawa kwatami da keken babansa. Yana zaune a ƙasa yana cewa, "Ashe?"

A makonta na ƙarshe ina wurin ta riƙe hannunsa ta ce, "Ku faɗa masa ban yi fushi ba. Na san hanya ce ta yi nisa."