Tambayar da babu ita a kan kanta

Har gobe ba zan manta da ranar da Habiba ta shigo laburarenmu na Tambuwal ba. Ni ne mataimakin mai kula da wurin, aikina jera littattafai da amsa tambayar masu zuwa. To, ina masu zuwan? Sai in wuni daga ni sai ƙadangaru, kaɗaici kamar ya kashe ni.

Yarinya ce 'yar aji huɗu. Iyayenta sun gudo daga wani ƙauye bayan Kebbe da 'yan bindiga suka watsa, suna zaune a wani kango kusa da mu. Ta tsaya bakin ƙofa, takalma a hannu.

Na ce, "Shigo ɗiyata, mi kika so?"

Ta ce, "Baba, malaminmu ya ce nan aka samun amsar komi. Wane littafi ad da inda kakata ta tafi? Ran da munka gudu ba ta bi motarmu ba."

A ƙa'idar aikinmu, in ba mu da abu, sai mu nuna wa mai tambaya inda zai samu. Na rasa inda zan nuna mata. Na gaya wa maigidana a wurin aiki, ya ce, "Malam Sani, mu littattafai anka ba mu tsaro, ba cigiya ba." Na ce to, amma raina bai kwanta ba.

Sai na koma bin 'yan kabu-kabu masu haya da babur duk ranar kasuwa, ina kwatanta musu tsohuwar yadda Habiba ta faɗa mini: Inna Kulu, mai saida daddawa, mai ɗingishi. Har suka laƙaba mini Mai Cigiya. Habiba kuwa kullum bayan makaranta sai ta leƙo: "Baba, an samu?" In ce tukuna, in ba ta littafin hotuna ta zauna. Wallahi zuwanta kaɗai nake jira a wunin.

Bayan girbi wani ɗan kabu-kabu ya tabbatar mini tsohuwar tana garin Jabo, da ranta. Ban ko kulle ƙofa ba na nufi kangon. Na tarar da murhu ya huce. Maƙwabta suka ce mai wurin ya tashe su shekaranjiya, ba wanda ya san inda suka dosa.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani ɗan gudun hijira ba ya da lokacin jira. Ran da ya kawo tambaya, ku tambaye shi wa zai san inda yake in ya tashi. Ni ga amsa a bakina har yau, babu wadda zan faɗa wa.