Sakamakon da Muka Kai wa Bulama

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokina da direba. Abokin nan nawa masanin cututtuka ne a jami'a, bincikensa a kan tsargiya ne, cutar nan ta fitsarin jini da ake ɗauka a ruwa. Ni kuwa malamin makaranta ne, an ɗauko ni ne kawai don ni ɗan Haɗejiya ne, na san bakin mutanenmu.

Daga Jahun hanya ta fara nuna halinta. Rediyo na cewa kuɗin fetur ya shigo ƙasa, amma bai biyo ta nan ba, tsadarsa kaɗai ya aiko. Mai fura a Miga ta tsuga mana kuɗi, ta ga farar mota ta ɗauka mu ne gwamnati. Abokina ko a jikinsa. Tun da muka taso yake ba ni labarin mujallar Ingila da ta buga aikin da suka yi da wani Bature, da yadda masanan Masar ke ambaton sunansu. Baturen har ya zama farfesa. Yanzu Baturen so yake a koma ƙauyen da suka yi aikin a sake ɗebo masa fitsarin mutane, tunda madatsar da aka gina can sama ta canza tafiyar ruwa.

A Kirikasamma muka bar mota muka shiga kwalekwale da akwatin kwalabenmu. Ruwan bana bai kai inda ya saba kaiwa ba. Gonakin shinkafa da yawa sun bushe a tsaye, mai tuƙa mu kuwa sai nuna su yake da sanda yana faɗin sunayen masu su.

Bulaman ƙauyen muka je gani. Shi ne ya tsaya a ƙofar masallaci shekarun baya ya ce kowa ya ba da fitsarinsa a kwalba, ya kuma fara da kansa. Ba ƙaramin abin kunya ba ne dattijo ya miƙa wa sa'an ɗansa irin wannan abu. Sun yarda ne domin an ce za a dawo musu da sakamako. Muka same shi a kan tabarma a rumfar ƙofar gidansa, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Kafin mu gama gaisawa gari ya cika rumfar.

Bulama ya dubi abokina ya ce, "Malam likita, lale. Ai na ce musu za ka dawo. Ina sakamakon?"

Abokina ya buɗe jaka ya fito da mujallar, har da murmushinsa. Nan na gane an yi saɓani. A jami'a, sakamako shi ne abin da awo ya nuna. A wurin Bulama kuwa, sakamako shi ne abin da ake saka wa wanda ya yi maka alheri. Allura suke jira.

Bulama ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta buɗe Turancin da ba ya karantawa, har ya zo kan wani hoto: mutum ba riga, an ja baƙin layi a kan idanunsa.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"Me ya sa suka rufe mini ido?"

"Don a kare mutuncinka ne."

"Ciki a waje, ido a rufe. To, madalla. Babu allura ke nan?"

Abokina ya sunkuyar da kai ya ce kuɗin da aka ba su na bincike ne, ba na magani ba, ya roƙa an hana. Wani daga baya ya ce, "Bulaman kwalba ya samu littafi," mutane suka fara zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya iya tayar da zancen sabbin kwalabe.

Da za mu tashi, Bulama ya sa aka ɗauro mana bandar kifi. Muka ƙi karɓa, ya ce, "Haba ɗana, an taɓa kawo wa mutum abu ya ƙi ba da tukwici?"

Muka karɓi kifin, muka kamo hanyar Kano. Ban zargi abokina shi kaɗai ba, amma takaici ya cika ni, kuma har yanzu bai sake ni ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ilimi yana iya ƙetare teku ya ɗaukaka mutum biyu, amma ya kasa ƙetare fadama ya warkar da wanda aka samo shi a jikinsa. Maiɗakina ta dafa kifin washegari, yara suka cinye. Ni ban iya sa hannu ba.