Gwangwanin Gwaggo Ladidi

Duk wanda ya san Gwaggo Ladidi a Kutama ya san gwangwanin madarar nan da take ɗaurewa a bakin mayafi. Tun kafin ka hango ta za ka ji shi yana bugun mukullanta, ƙwal ƙwal, sai ka rantse akuyar wani ce ta tsinke. Ƙanwar mahaifina ce, kuma ita ke riƙe da girkin duk wani taro na danginmu. Ba ta yarda da mudun kowa ba. In ta shiga gida, kafin a gama gaisawa ta jawo mudun masu gida, ta kwance gwangwani ta hau gwaji. A wurinta gwangwani takwas shi ne mudu, mudu biyu tiya. Duk mudun da ya kasa haka, to sunansa ƙaramin kwano.

Ita fa tsoronta ɗaya a duniya: kada abinci ya kasa mutane. Wallahi ko baƙo ɗaya aka ce zai zo, sai ta tambayi tsawonsa.

Wata rana ciwon ƙirji ya kai ta asibiti a Gwarzo, mai ba da magani ya miƙo mata kwalba ya ce, "Inna, cokali biyu safe da yamma."

Ta ce, "Da wane cokali?"

"Cokali dai, Inna."

"Ɗan nan, a gidana akwai na shayi, akwai na fate, akwai ludayin fura. In na mutu wanne za a kama?"

Bai samu kansa ba sai da ya ba ta nasa.

Sai shekarar da ta kai gyaɗarta wurin masu saye, lokacin da motoci ke jigila zuwa Kano ba dare ba rana. Aka ɗora buhunta a sikeli, ta ce atafau ƙarfen da bai taɓa cin gyaɗa ba ba zai gaya mata yawan gyaɗarta ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta farke buhu, ta hau aunawa da gwangwani. Ta yi nisa ke nan wani tsoho ya tsaya ya ce, "Ladidi, ina gajiya? Ya mutan gida?" Ta amsa, lissafi ya tashi. Ta mayar da gyaɗa buhu ta faro daga ɗaya. Har mota ta cika ta tafi tana nan tana "saba'in da uku". Tsohon nan kuwa ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba sai bayan sallah.

Amma wanda har yau in na tuna gabana ke faɗuwa shi ne ranar gayyata. A shekarar na yi aure, na noma gyaɗa fiye da ƙarfina. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara ƙeƙashewa, in ba a cire gyaɗar nan a makon ba rabinta a ƙasa za ta tsaya. Na gayyato maza arba'in. Kun san ƙa'idar gayya: ba a biyan kowa, amma tuwon rana shi ne mutuncinka. In ya kasa, mutane su saɓa fartanya su watse, kuma baɗi ko da ganga ka kira ba mai zuwa.

Gwaggo tana wurin suna a Mainika, sai ta aiko wa amaryata Hinde da saƙo: namijin da ya riƙe fartanya gwangwani biyu yake ci, mudu ɗaya na mutum huɗu ne, saboda haka a auna dawa mudu goma cif. Hinde baiwar Allah ta ɗauko sabon mudun da aka kawo ta da shi daga gidansu a Kabo, ta auna goma, aka surfa, aka niƙa.

Da hantsi Gwaggo ta iso, an riga an yi talge, gari ya shiga tukwane. Idonta ya faɗa kan mudun. Ta kwance gwangwani. Ɗaya, biyu, uku, a na bakwai mudu ya cika har yana zuba.

"Innalillahi! 'Yar nan, da wannan kika auna?"

"Eh, Gwaggo. Ai mudu ne."

"Mudu ne a gidanku! Bakwai fa yake ci! Goma sau bakwai saba'in, ni tamanin nake nema. Mutum biyar ba su da tuwo! Salele! Ina Salele? Ka kashe mu!"

Ni ne Salelen. Aka aika aka kira ni, na baro gona da gudu. Na ce a ƙaro dawa, ta ce a surfa yaushe, a shanya yaushe, a niƙa yaushe? Na ce to a ranto gari a maƙwabta. Ta zaro ido: "Don duk gari ya ji tuwonmu ya kasa?" Da ƙarfin da ta faɗi maganar, na rantse mutanen Unguwar Tudu ma sun ji.

Hinde tana tuƙi tana hawaye. Gwaggo ta yafa mayafi ta nufi gona, wai za ta ƙirga kawuna ko Allah ya sa wasu sun fasa. Ba wanda ya fasa, har makaɗi ya zo da ƙanensa. Ta tsaya kan Ɗanjuma, wani ƙato mai cin akushi shi kaɗai, ta ce, "Kai ɗan nan, ba Litinin ce yau ba? Ba ka azumi?"

Ya ce, "Gwaggo, yau Laraba."

"Allah ai ba ya ƙin na Laraba!"

Ta dawo ta karɓi mara da hannunta, tana rage kowace malmala kaɗan kaɗan. Ta juyo ta ce ni da ita da Hinde yau mun ƙoshi. Aka kwashi akusa aka yi gona. A wajenmu in akushi ya dawo da saura, an ƙoshi ke nan. In ya dawo a suɗe, to ka ji kunya. Gwaggo ta zauna a ƙofar gida ta zuba wa hanya ido, carbi a hannu amma ba ta ja.

Ni ina gindin ɗorawa ina kallon mutane suna ci. Sai na ga Baba Tanko, dattijon da ke jan gayyar, ya cire hannu da sauran tuwo a gabansa, ya ɗan kalli na kusa da shi. Shi ma ya cire. Haka ta zaga har kan Ɗanjuma, wanda ya daɗe yana kallon lomar ƙarshe kamar za a raba shi da uwarsa, sannan ya ture akushin. Suka miƙe suka koma kan kunyoyin gyaɗa, kuma rana ba ta faɗi ba sai da gyaɗata kaf ta fito sarari.

Akusa suka dawo gida, kowanne da 'yar ragowa. Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa. Ta sauke ajiyar zuciya, sai kuma ta ɗaure fuska.

"Ka gani ko, Salele? Ɓarna! Mazan yanzu ba su iya cin tuwo ba. Da na sani da mudu tara na ce."

Har ta koma ga Allah ba wanda ya gaya mata. Mazan nan sun wuni da sauran yunwa don kada ta kwana da baƙin ciki, ita kuwa ta yi rayuwarta kaf tana fargabar cikin wasu. Allah ya jiƙan Gwaggo Ladidi, ya kwantar mata da hankali a makwancinta, ya jiƙan Baba Tanko da duk waɗanda suka cire hannu a ranar nan. Amin.