Ranar da Na Fassara Littafin da Ba a Karantawa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da na je neman aiki a wata maɗaba'a da ke Sama Road ba. Wata takwas ina zaune ba aiki, ga iyali. Sai na ji mai wurin, wani dattijo, yana neman mai jin Faransanci saboda 'yan Nijar da ke kawo masa aiki. Ni kuwa na taɓa yin wata uku a Ƙonni ta Nijar wajen kawuna mai fataucin shanu. Gaisuwa na iya, sai ƙirga ɗaya zuwa goma. Amma na buga ƙirji na ce Faransanci kamar a bakina aka yi shi.

Dattijon ya ɗauko wani tsohon littafi mai bangon fata, ya ce daga Faransa ya fito, ya girmi kakansa.

"Ɗana, mi ac cikin shafin ga?"

Na gyara zama irin na malaman zaure, na ɗora yatsa, ina ja ina fassarawa. Shafin farko na ce labarin wani sarki ne da ya fita yaƙi. Ya buɗe na biyu, na ce an ci sarkin da yaƙi. A na uku, da na ga rubutun ya ƙanƙance, sai na kashe sarkin, har da sauke murya don juyayi. Kai, Allah ya shirye ni!

"Allah shi jiƙan sarki," in ji shi. "To ni ban jin Faransanci, amma shekara arba'in ina jera haruffa. Duba da kyau."

Na duba. Layi ɗaya ne tak ake ta maimaitawa, nan da manyan haruffa, can da ƙanana, can a karkace. Ashe littafin samfuri ne, wanda maƙeran haruffa na Faransa suke bugawa don masu ɗab'i su zaɓi irin da za su saya. Ya ce wani ɗan Nijar ma ya taɓa gaya masa layin da harshen Latin yake, ba Faransanci ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"Da ka ce ba ka sani ba, da na ɗauke ka na koya maka jeri," ya ce, ya rufe littafin. "Amma mai ƙago sarki, ba ni ba shi takardun mutane."

Na koma gida a ƙasa, ina tunanin abin da zan faɗa wa matata. Tun ranar na koyi cewa "ban sani ba", kuma har yau wannan kalma ba ta taɓa hana ni abinci ba.