Takardun da na ƙunshe ƙuli-ƙuli da su

Shekarun baya, muna zaune a Galadi, maigidana, Allah Ya ji ƙansa, shi ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana a allo. Kowane zane sai ya fara gwada shi a takarda, da zare da tsinke yake fitar da da'ira, sannan ya hau allo.

Ni ban yi karatu ba, yanzu ma jikata ke rubuta muku wannan. Abin da na sani kawai, takarda mai rubutun Larabci ba a wulaƙanta ta. Don haka in ina shara sai in duba: mai rubutu in sa masa a gafaka, wadda zane ne zalla kuwa in ƙunsa wa masu sayen ƙuli-ƙulina.

Ran da ya kama ni ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ke! Ashe rabin Galadi sun ci zayyanata da yaji!" Bai hana ni ba, ni kuma ban daina ba.

Bayan rasuwarsa zaman ƙauye ya gagara, muka dawo Ƙaura Namoda. Wata rana sai ga ɗan ƙanensa, wanda ya karanci zanen gine-gine. Ya ce an ba shi aikin tsara gidan ajiye kayan zane, yana so bango da tagogi su ɗauki zayyanar baffansa.

"Inna, ina takardun Baffa?"

Na sunkuyar da kai. Allunan sun watse tare da masu su. Takarda ɗaya muka samu a gindin tsohon kwanon ƙulina, da zanen tauraro a kanta, man ƙuli ya cinye rabinta. Ya juya ta, ya juya, ya ce, "Inna, ba ta haɗuwa."

Na karɓa, na share ƙasa, na sa yatsa. Duk shekarun da nake gefen maigidana ina ɓarar gyaɗa, ashe idona yana koyo. Na bi layin, ya nutse nan, ya ɓullo can, har tauraron ya rufe. Ɗan nan ya durƙusa yana kwafa, ni ina kuka.

Daga baya ya kawo mini zanen ginin na gani, tauraron na bisa ƙofa. Ban san ko zan kai ranar da zan shafa bangon ba. Amma har yau, duk takardar da aka ƙunso mini wani abu a ciki, sai na buɗe ta na duba bayanta, ko zan ga hannun maigidana.